Ranar da na shiga kogi da sandar fatsa cikin dusar ƙanƙara a Kolorado

Ni dai a Yauri na tashi, kuma duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya san mai neman kifi sammako yake yi, kafin gari ya waye wasu sun riga sun tura kwalekwale. Shi yasa da dattijon nan maƙwabcin Yayana yace mu haɗu ƙarfe tara na safe sai na ɗauka ban ji shi daidai bane, na sake tambaya. Yace tara ɗin dai, ko goma ma babu laifi, a watan Janairu kifin wajensu baya buɗe baki sai rana ta hau kan ruwa.

Ziyara ce ta kai ni Amurka, sati uku a gidan Yaya a Aurora, nan gefen Denba a jihar Kolorado. Maƙwabcin nasa Bature ne da ya yi ritaya, kullum na leƙa garejinsa sai in same shi zaune gaban wani ɗan tebur da gilashi a hanci yana ɗaure wasu ƙananan abubuwa da zare. Ranar da na tambaye shi ko mene ne, ya ɗora min guda ɗaya a tafin hannu, wallahi ƙwayar shinkafa ta fi shi girma. Ƙugiya ce, an nannaɗe ta da baƙin zare da siririyar waya mai ƙyalli, da ɗan dutsen ado a kai. Yace da wannan yake kama kifi mai tsawon kamu biyu. Nace masa ni ɗan bakin kogi ne, sai na gani da idona. Yayi murmushi yace toh ran Talata.

Irin fatsar tasu daban take da tamu. Babu tana, babu guntun kifi, babu komai mai rai ko mai wari a ƙugiya, ƙwaron ƙarya ne da aka haɗa da zare da gashin tsuntsu don yayi kama da abin da kifin ke ci a ranar. Tunda ƙwaron ba shi da nauyin da za a wurga, igiyar ce aka yi wa nauyi, ita ke ɗaukarsa ta kai shi, a ƙarshenta kuma an ɗaura wani zare mai kama da ruwa siriri kamar gashin kai. Kifin da ake nema sunansa tirawut, kifin ruwan sanyi ne, jikinsa duk ɗigo-ɗigo, akwai mai jan layi a gefe akwai mai ruwan ƙasa wanda asalinsa daga Turai aka kawo shi.

Kafin mu tafi sai da aka yanka min lasisi, domin a jihar duk wanda ya kai shekara 16 ba zai jefa ƙugiya a ruwa ba sai da takardar hukumar kula da namun daji, kuma akwai na kwana ɗaya wanda ya dace da baƙo irina. A waya aka yi shi cikin ƴan mintuna. Sai maganar kaya, wadda ita ce dattijon ya fi tsananta wa. Da na fito da wandon jins da singileti da suwaita biyu yace in koma in cire duk abin da aka yi da auduga, saboda auduga in ta sha gumi ko ruwa bata bushewa, sai ta manne a jiki tana zuƙe ɗumi. Yaya ne ya ba ni nasa kayan ciki na ulu da safa mai kauri, dattijo kuma ya ara min wandon ruwa, wani dogon wando ne haɗe da safa da ke zuwa har ƙirji, ana sa takalmi a kansa, sannan a ɗaure ƙugu da bel tamau don ko an faɗi kada ruwa ya cika shi. Wannan bel ɗin dan Allah kada wanda ya raina shi. Yace kuma kada in cusa safa uku takalmi ya matse, ƙafar da jini baya yawo a cikinta ita ke fara sandarewa.

Mun ɗauki kamar awa ɗaya da rabi zuwa wani ɗan ƙauye da ake kira Dekas, a bakin kogin Sawut Filat. A hanya akwai duwatsu da har yanzu kake ganin ƙonannun itatuwa tsaye babu ganye, ragowar babbar gobarar dajin da aka yi a 2002. Ko ina fari fat, ma'aunin mota yana nuna digiri 9 ƙasa da sifili, amma da muka sauko kwazazzabon sai ga kogi yana gudu abinsa, ƙanƙara a gefe-gefe kawai, har wani tururi ke tashi a samansa. Abin ya ɗaure min kai, don a hanya mun wuce ƙananan rafuka da suka daskare ƙam. Ashe sirrin yana wajen madatsar ruwa. A sama da wurin akwai dam ɗin Cisman wanda aka gama tun 1905 don ba birnin Denba ruwa, kuma daga ƙasan dam ɗin ake sako ruwan. Shi ruwa ya fi nauyi in yana wajen digiri 4, saboda haka ko saman tafki ya daskare na ƙasa yana nan a haka, shi ke fitowa, shi yasa kogunan da ke bayan dam ba sa rufewa da hunturu, kuma ƙwari na rayuwa a cikinsu duk shekara. Duk baƙon da yazo da sanyi irin waɗannan kogunan zai nema, ba kowane rafin dutse ba.

Da muka isa bakin ruwa na ɗauka shiga za mu yi, sai dattijo ya riƙe hannuna yace mu tsaya mu duba tukuna. Ya miƙo min baƙin tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ya nuna min wani gurbi a bayan ƙaton dutse inda ruwa ya yi zurfi ya lafa. Na fi minti biyar ina kallo ban ga komai ba sai duwatsun ƙasa, can sai naga ɗaya daga cikin duwatsun ya kaɗa wutsiya. Su shida ne ko bakwai a jere, kansu na fuskantar inda ruwa ke zuwa, ko motsi basa yi. Yace kaga, da sanyi jikin kifi yana mutuwa, abinci kaɗan yake buƙata kuma ba zai ɓata ƙarfinsa ya bi abu ba, in ƙwaronka ya wuce shi da taƙi ɗaya a gefe ko a sama to ya wuce kenan, sai ka kai masa har bakinsa, a daidai zurfin da yake, da irin gudun da ruwan ke yi.

Nan ne duk wahalar take, kuma nan ne daɗin. Abin da suke ci a wannan lokacin tsutsar wani ɗan ƙwaro ce mai kama da sauro amma baya cizo, ita ruwa ke kwasowa daga ƙasa, shi yasa ƙugiyar take ƙanana haka, lamba 20 zuwa 24 a lissafinsu, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa. Ya ɗaura min guda biyu ɗaya a bayan ɗaya, da ƴar dalma a sama da su don su nutse, can sama kuma wani ɗan ƙwallo mai yawo a kan ruwa, daidai da guntun silifas ɗin da muke ɗaurawa muna yara. Ba wani wurgi mai nisa ake yi ba kamar yadda ake gani a bidiyo, ɗan lilo ne kawai ka jefa sama da kifin ka bar ruwa ya kawo. Matsalar ita ce ruwan kusa da kai da na can ba gudunsu ɗaya ba, sai igiya ta yi ciki ta fara jan ƙwaron, shi kuwa kifi da zarar yaga tsutsa tana gudu fiye da ruwa ya san ba gaskiya bace. Sai ka riƙa ɗaga igiyar a hankali kana mayar da ita baya ba tare da ka motsa ƙwallon ba. Na yi wannan ya fi sau ɗari. Zare ya harɗe min sau uku, kuma kwance shi da yatsun da basa ji aiki ne babba, ga ƴan zobban jikin sandar suna cikewa da ƙanƙara har igiya ta daina wucewa, maganinsa ka tsoma sandar a ruwa ka kaɗa, kada ka ɓalle da ƙarfi ka karya tsinin.

Da azahar ta yi na fito, dama tun daga gida na riƙo alwalata don na san cire wannan kaya a wurin ba ƙaramin abu bane. Na shimfiɗa wata tsohuwar jaket a inda rana ta narkar da ƙanƙara na yi sallah, dattijo ya koma gefe ya zauna shiru da kofin shayinsa har na sallame. Ban taɓa yin sujada a wuri mai shiru irin wannan ba, ba ka jin komai sai ruwa.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi rana ta dira sosai a kan gurbin, ƙananan ƙwarin suka fara tashi, na ga su baƙi-baƙi a kan dusar ƙanƙarar bakin ruwa kamar an barbaɗa masoro. Kifayen suka ɗan ɗago suna karkata hagu da dama. Dattijo ya ƙara min dalma ɗaya ƙarama ya matsar da ƙwallon sama kaɗan, yace kada in jira ya nutse, ko tsayawa yayi ko ya ɗan girgiza in ɗaga sanda. A jifa na huɗu ƙwallon ya tsaya cak kamar ya tuna wani abu, na ɗaga, sai naji nauyi mai rai a hannuna. Allahu akbar. Jinin Yauri yace in fizgo shi waje, dattijo yana ta cewa a hankali ɗana, a hankali, bar shi ya ja, zaren nan in ka matsa zai tsinke. Na bar shi ya gudu ya dawo sau biyu kafin ya shiga ƴar komar da dattijo ya tara. Mai ruwan ƙasa ne, cikinsa rawaya kamar man shanu, da jajayen ɗigo kowanne da ɗan zobe mai haske kewaye da shi.

Toh nan fa zuciyata ta yi nauyi, domin sakinsa za mu yi. A wani ɓangaren kogin doka ce dole ka saki, a wani an yarda ka ɗauki kaɗan in sun kai wani tsawo, amma yawancin masu zuwa basa ɗauka. A gida mutum ya sha wahala ya kama kifi ya mayar ruwa sai a fara tambayar lafiyarsa, kuma da gaskiyarmu, mu abinci muke nema. Amma da na kalli yawan motocin da ke fake a bakin titi ranar Talata cikin wannan sanyi, na kalli ƙanƙantar kogin, na gane in kowa ya tafi da biyu cikin wata ɗaya gurbin nan zai zama fayau. Na tuna yadda tsofaffinmu ke ba da labarin giwan ruwan da ake kamawa da, wanda yanzu sai a jima ba a ga irinsa ba, abin ya taɓa ni sosai.

Dattijo bai bari na ɗaga shi sama ba sai na daƙiƙa biyu. Yace in iska ta yi ƙasa da sifili, jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnensa wanda yake numfashi da shi yana iya daskarewa nan take, ka sake shi yana iyo amma ya mutu daga baya. Na cire safar hannu na jiƙa hannuna kafin in taɓa shi, ƙugiyar dama an danne mata ƙayar baki tun farko, ta zame da sauƙi. Na riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar gudu, ina jin yana buɗe baki yana rufewa a tafina, can ya buga wutsiya ya sulale ya koma layinsu.

Da za mu fita ya hana ni bi ta wani wuri marar zurfi inda tsakuwar ta yi fes ta fi sauran haske. Yace gidan ƙwai ne, masu ruwan ƙasan nan da kaka suke haƙa tsakuwa da wutsiya su zuba ƙwai su binne, ƙwan yana nan kwance duk hunturu, taku ɗaya zai murƙushe su da yawa. Muka zagaya ta nesa.

Ƙarfe uku da ƴan mintuna inuwar dutse ta rufe kogin, sanyi ya dawo kamar an buɗe firiza, muka naɗe. A mota da hita ta fara aiki yatsuna suka ɗauki zugi kamar ana soka allura, kaina kuma na ɗan sara, dattijo yace tsayin wurin ne da rashin shan ruwa, Denba kanta mita 1,609 take sama da teku nan kuma ya fi haka, ya miƙo min gora. Yace in Allah ya sake kawo ni da sanyi zai kai ni kogin Firayinfan kusa da garin Basalt, inda wasu ƙananan jatan lande ke fitowa daga ƙasan dam kifi na ci yana ƙiba. Da muka tsaya ƙofar gida ya yanke ƙugiyar da na yi kamun da ita ya soka min a jikin hulata, na shiga na tarar Yaya ya dawo daga aiki yana jirana da tambaya, yace ƙanina ina kifin, nace Yaya yana can gurbinsa, zauna in ba ka labari.