Asabar ɗin da na bar wa ɗan yayata miksa

Yau Asabar ce, kuma ina wannan rubutu ne bayan sallar isha'i, kunnuwana suna ta ƙugi kamar an zuba mini ƙudan zuma a ciki. Tun da aka gama yankan gero aka shiga roron wake, babu ƙarshen makon da ba a kira ni biki a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da Ringim ba, domin a ƙasarmu kaka ita ce lokacin aure, lokacin da manomi ya ga rumbu ya cika, hankalinsa ya kwanta. Bikin yau ya bambanta da sauran ne saboda na tafi da ɗan yayata, wanda ya gama sakandare bana, kuma tun da ya gama ya tasa uwarsa a gaba cewa shi Abuja zai tafi ya zama DJ a kulob. Jiya da dare Yaya ta aiko aka kira ni, ta ce tun da ni ne na taɓa yin wannan aiki, sai in san yadda zan yi da shi.

Da hantsi muka ɗora kaya a kurkura: manyan lasifika biyu, da amfilifaya, da janareta, da jarkar fetur, da buhun wayoyi, sai jakar da nake ajiye kwamfuta da ƙaramar miksata ƙirar Pioneer, wato na'urar haɗa waƙa da waƙa, wadda na saya ta hannu a Kano. Da gangan na bar shi ya ɗauki lasifika shi da direba, kuma na ga yadda ya ɓata rai, domin a bidiyoyin da yake kallo a TikTok ba a nuna wannan ɓangaren. Ni kuwa shekara guda cur na yi a Abuja ina naɗe waya da goge kaya kafin maigidana ya yarda in taɓa maɓalli ko ɗaya a gaban mutane.

A hanya ya tambaye ni, ya ce, "Kawu, wai mene ne wahalar abin? Ba waƙa ce kawai za ka saka mutane su yi rawa ba?" Na ce masa in haka ne, ai wayar salula ma ta isa, ba sai an biya mutum ba. Abin da ake biyan DJ ya yi shi ne kada kiɗa ya yanke, kuma kada mai rawa ya ji inda waƙa ta ƙare wata ta fara. Kowace waƙa tana da saurinta, wanda ake aunawa da yawan bugu a minti ɗaya. Kiɗan amapiyano da ya fito daga Afirka ta Kudu yakan tsaya ne wajen bugu 110 zuwa 115, shi kuwa kiɗan haus yakan kai 120 zuwa 128. Yayin da waƙa ta farko take fita ta lasifika, kai kana sauraron ta biyu a hedifon, kana ƙara mata sauri ko rage mata har bugunsu ya hau kan juna. Ko bayan bugu ya daidaita, ba a ko'ina ake shigo da sabuwar ba, domin yawancin waƙoƙin rawa an gina su ne a kan bugu huɗu-huɗu, kuma suna sauya salo bayan kowane bugu 32, saboda haka sai ka ƙirga ka jira gaɓar. Sannan dole ne ka rage sautin ƙasa, wanda muke kira bes, a ɗaya daga cikinsu kafin ka buɗe na ɗayar, in ba haka ba gangunan biyu za su yi karo, lasifika ta riƙa kakari.

Ya ce ai manhajojin yanzu, irin su Serato da rekordbox da VirtualDJ, suna da maɓallin da ke daidaita bugu da kansa. Gaskiyarsa ce, kuma ni ba na cikin masu ganin amfani da shi abin kunya ne. Sai dai na ce masa ya koya da kunne tukuna, domin manhaja takan yi kuskuren ƙirga, musamman a waƙoƙinmu na Hausa da aka kaɗa da hannu, inda mai kalangu yake ja yana saki yadda ransa ya so.

Da yake hanyar burji ce kuma direban yana lallaɓawa saboda kaya, sai na ba shi ɗan tarihi, don ya san cewa manyan sana'ar ma ba a kulob suka faro ba. A watan Agusta na 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, wani saurayi haifaffen Jamaika da ake kira Kool Herc ya yi kiɗa a wata 'yar walima da ƙanwarsa ta shirya a ɗakin taron gidan da suke zaune. Ya lura cewa mutane sun fi zabura a daidai inda mawaƙi ya yi shiru ganguna suka rage su kaɗai, sai ya riƙa amfani da faifai biyu na waƙa ɗaya yana maimaita wannan gaɓa, kuma daga nan ake ƙirga asalin kiɗan hip-hop. Shi ma kiɗan haus ya samo sunansa ne daga wani gidan rawa na Chicago mai suna Warehouse, inda Frankie Knuckles ya fara aiki a 1977. Abin da ya ja hankalina a labarin mutanen nan biyu shi ne, idonsu yana kan masu rawa, kuma daga abin da suka gani ne suka ƙirƙiro salonsu.

Mun isa gidan bikin kafin azahar. Kamar yadda na saba, na fara zuwa gaida mai unguwa, ya maimaita mini sharuɗɗan da na riga na sani: yini ne na mata zalla, a kashe kiɗa idan an kira salla, a naɗe kaya kafin magariba, kuma kada a saka waƙar da ke da batsa. Yaron ya yi mamakin ganin na durƙusa ina amsawa da "to, ranka ya daɗe", sai na ce masa a kulob ma akwai mai unguwa, sunansa manaja, kuma sharuɗɗansa sun fi waɗannan tsauri. A can dare rabe yake. Wanda yake buɗe fage yakan fara ne tun wurin babu kowa, wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, kuma aikinsa shi ne ya ɗumama wuri a hankali, ba tare da ya taɓa waƙoƙin da ake yayi ba, domin waɗannan an tanade su ne ga babban DJ da zai karɓa bayan tsakar dare. Yaron da ya buɗe fage ya ƙone waƙoƙin maigidansa don a yi masa tafi, da wuya a sake kiransa. Akwai kuma mai riƙe makirufo yana koɗa masu kashe kuɗi, wanda in ka cire Turancin da ke bakinsa, sanƙira ne sak.

Bayan la'asar fili ya cika. Na yi kusan awa guda ina bin mata da waƙoƙin biki da suka sani, ina farawa da masu sanyi saboda iyaye su samu su taka, sannan na matsa gefe na ce masa ga miksa nan. Waƙa biyu na farko ya haɗa su da kyau, har na ji daɗi a raina, domin ashe ya daɗe yana gwaji a wayarsa. A ta uku ne ya sako amapiyano, ya sunkuyar da kai yana murɗa maɓallai yana gyaɗa kai shi kaɗai. Cikin minti biyu fili ya watse, sai yara ƙanana suna tsalle. Gwaggon amarya ta taso har inda muke, ta ce, "Ɗan nan, wannan kiɗan kuma na waɗanne mutane ne? Mu ka sa mana abin da za mu taka." Na ba ta haƙuri, na raɗa masa cewa ya ɗaga kai ya duba. A fasaha bai yi kuskure ko ɗaya ba, bugu ya hau, gaɓa ta yi daidai, amma bai ga cewa masu liƙi, wato iyaye da ƙawayen uwar amarya, su ne suka fara komawa kan tabarma ba.

Yana cikin neman waƙar da zai gyara da ita ne janareta ya yi tari ya mutu. Laifina ne, domin tun makon jiya na san fulogin ya gaji, na yi ta jan ƙafa. Na ruga in canza shi, gabana yana faɗuwa, saboda babu abin da DJ yake tsoro kamar shiru. Matan kuwa ba su jira ni ba. Wata dattijuwa ta kifa ƙwarya ta fara kaɗawa, 'yan mata suka kama tafi da waƙar gaɗa, fili ya sake cika fiye da da. Da wuta ta dawo, sai na ga yaron bai yi gaggawar buɗe sauti ba. Ya sa hedifon a kunne ɗaya, ya bar ɗayan yana sauraron tafin, ya zaɓo wata tsohuwar waƙar biki, ya rage mata sauri har ta hau kan tafinsu, sannan ya ɗago ta a hankali daga ƙarƙashi. Matan suka yi guɗa, suka zarce da rawa ba tare da sun tsaya ba. Ban koya masa wannan ba, kuma babu maɓallin da zai iya yi masa shi. Gwaggon nan da kanta ta zo ta liƙa masa naira ɗari biyu a goshi.

A hanyar dawowa muka yi lissafi a gabansa, don ya ga inda kuɗin yake tafiya. Na cire na kurkura, na cire na fetur, wanda tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 ya zama shi ne babban abokin rabona, na ware na gyaran kaya, sannan na ba shi nasa. Na ce masa kada ya taɓa ɗaukar kaya daga gida ba tare da an ba shi kafin alƙalami ba, kuma ya rubuta ciniki ko da a saƙon waya ne, domin bayan biki ya watse kowa yakan manta abin da ya faɗa.

Daga nan na gaya masa yadda ake hawa matakalar, kamar yadda na gani da idona. Da farko ya tara waƙoƙi masu tsabtar sauti, ya jera su gida-gida bisa sauri da yanayi, ya san kowace daga farko har ƙarshe, domin waƙa ɗari biyar da ka sani sun fi dubu goma da ka kwafo a shagon masu tura waƙa. Ya riƙa naɗar haɗinsa na minti talatin ko awa guda yana sauraro da kansa, idan ya gamsu ya ɗora a Audiomack ko Mixcloud, saboda wannan ita ce takardar shaidar da manaja zai nema. Ya sani kuma cewa manyan kulob suna da nasu na'urorin, galibi samfurin CDJ na Pioneer, wanda ya mamaye sana'ar tun bayan fitowar CDJ-1000 a 2001, don haka abin da DJ yake shiga da shi shi ne filashi da aka shirya da rekordbox, kuma mai hankali biyu yake ɗauka. Kafin a ba shi dare na kansa, zai yi buɗe fage na tsawon lokaci a kan kuɗi kaɗan, kuma abin da zai sa a riƙe shi a matsayin DJ na gida shi ne zuwa da wuri da rashin rigima. Su Jimmy Jatt na Legas, da suka haura shekara talatin ana jin sunansu, sun daɗe ne saboda masu ba da aiki sun amince da su.

Ban ɓoye masa ɗaya gefen ba. Kulob wuri ne da cinikinsa yake kan giya, aikin yana kaiwa har asuba, kuma na san irin faman da na yi da kaina a kan salla a shekaru huɗun da na yi a Abuja, wanda yana cikin dalilan da suka dawo da ni gida. A Kano da Jigawa, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kasuwar DJ ta fi ƙarfi a kamu da liyafar aure a ɗakunan taro, da bukukuwan makarantu, da gidajen rediyo, kuma ƙwarewa iri ɗaya ce ake buƙata a duka. Na kuma nuna masa 'yan robobin da nake toshe kunne da su, waɗanda yau na manta ban saka ba sai can da yamma. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti ba a so a wuce awa takwas a cikinta, kuma gaban lasifikar kulob ya zarce haka nesa ba kusa ba. Kunnena na hagu ya riga ya ba da shaida.

Da muka sauke kaya na shiga wurin Yaya. Ta dube ni ta ce, "To, ka cire masa abin daga rai?" Na ce mata, "Yaya, ban cire ba, domin yaron nan yana da kunne." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan muka tsayar da magana a kan cewa zai bi ni duk bukukuwan kakar nan har zuwa faɗuwar ruwa, yana ɗaukar kaya yana buɗe mini fage, ya kuma cike takardar neman shiga kwalejin fasaha ta Kazaure, bayan nan sai a sake zama a kan batun Abuja. Shi dai bai ce komai ba, yana tsugune a zaure yana naɗe wayoyi, kuma na lura ya naɗe su yadda na nuna masa da safe.

Gobe Lahadi muna da kamu a wani ƙauye a hanyar Taura. Na ce masa ya zo da sassafe, domin akwai wayar lasifikar dama da take son a sake yi mata dalma, kuma sai mun tsaya a Ringim mun sayi fulogi guda biyu.