Godiya Bayan Taron Wayar da Kai Kan Raunin Garkuwar Jiki Na Gado

Assalamu alaikum. Mu likitocin yara da ma'aikatan jinya da muka shirya zaman wayar da kai a makon tunawa da masu raunin garkuwar jiki na gado, wanda ake yi a duniya daga 22 zuwa 29 ga Afrilu, muna godiya ga Allah da Ya sa aka tashi lafiya. Muna godiya ga mai unguwa da malam liman da suka yi mana shela, da matasan da suka shirya wuri.

Ga iyayenmu mata da suka yi ƙarfin hali suka yi maganar wabi a bainar jama'a, Allah Ya jiƙan 'ya'yanku, Ya raya na hannu. Kun tambaya ko ciwon yana da yawa. Nau'o'insa da aka gano sun haura 480, kuma fiye da rabin masu fama da shi matsalarsu ita ce ƙarancin sinadaran kariya da ke cikin jini. Wanda ya fi yawa shi ne ƙarancin IgA, wato ɗaya daga cikin waɗannan sinadaran kariya, kusan mutum 1 cikin 600 a Turai, yawancinsu ma ba su san suna da shi ba. Mai tsananin, wato SCID, wanda garkuwar jariri ba ta aiki kusan gaba ɗaya, gwajin jarirai a Amurka ya nuna kusan 1 cikin haihuwa 58,000. Inda auren zumunci ya yawaita adadin kan fi haka, domin idan uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya bisa huɗu. Wani nau'in kuma ta wajen uwa yake bi ya kama 'ya'ya maza, shi ya sa muke tambaya ko kawunnan yaro sun rasu suna jarirai. Ba laifin uwa ba ne, kuma muna roƙon dangin miji su daina ɗora mata.

Mun gode wa ungozomomi, da suka fi kowa tambaya. Cibiya kan faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ta kai wata guda ba ta faɗi ba, gefenta ya yi ja amma babu mugunya, a kawo jaririn asibiti. Fararen ƙwayoyin jininsa ne wataƙila ba sa iya isa inda ciwo yake. Wanzamai ma mun gode da zuwanku. Yaro namiji da jini ya ƙi tsayawa bayan kaciya, ga ƙaiƙayin fata, ga zawo da jini, yana buƙatar a ƙirga ƙwayoyin da ke daskarar da jininsa.

Alamomin da muka fi so ku riƙe: ciwon kunne sau huɗu ko fiye a shekara, limoniya sau biyu a shekara, wata biyu ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta babu sauƙi, maruru masu zurfi da ke ta dawowa, farin abu a baki da ya ƙi tafiya, da jaririn da ba ya ƙara nauyi. Lokacin da ciwon ya fara ma yana da magana. Mai SCID kan fara tun watanni uku zuwa shida na farko da zawo marar tsayawa da tari. Wanda jikinsa ba ya yin sinadaran kariya kan yi lafiya ƙalau har wajen wata shida, saboda yana amfani da na mahaifiyarsa da ya samu a ciki, sai sun ƙare ciwo ya taso. Akwai kuma wanda ba ya bayyana sai mutum ya kai shekara 20 zuwa 40. Kafin a ce gado ne, dole a fara duba tamowa, HIV, tarin fuka, sikila da tasirin ƙyanda, domin su ne suka fi raunana garkuwar yaranmu.

Ma'aikatan ɗakin gwaji, kun kyauta da kuka jaddada abin da ake yawan kuskurewa. Gwajin ƙirga ƙwayoyin jini da ake yi kullum yana iya tona SCID. Jarirai sun fi manya yawan limfosait, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, don haka adadin da ya gaza 2,500 a jariri abin tsoro ne, ko da takardar ta nuna daidai, saboda sau da yawa da ma'aunin manya aka buga ta. A maimaita gwajin, a tura yaron asibitin koyarwa ba tare da jira ba. Dashen ɓargo da aka yi kafin wata uku da rabi, kafin cuta ta kama jiki, yana ceton fiye da kashi 90 cikin ɗari. Idan ƙarin jini ya kama, a sanar da likita zargin da ake yi, domin irin wannan jariri jinin da aka haska da radiyeshon kawai ya dace da shi. Masu ƙarancin sinadaran kariya kuwa ana ƙara musu ta jijiya, miligiram 400 zuwa 600 kan kowane kilo, duk mako uku zuwa huɗu. Yana da tsada, kuma muna godiya ga bayin Allah da suka yi alkawarin tallafa wa iyalai.

Masu allurar rigakafi, mun gode da kuka tsaya aka fahimci juna. BCG, wato allurar rigakafin tarin fuka, da ɗigon shan inna suna ɗauke da ƙwayoyi masu rai da aka raunana. Jaririn da wansa ko yarsa suka rasu da irin waɗannan alamomi, a kai shi likita ya gwada shi kafin a ba shi su. Haka idan wurin BCG ya zama gyambo mai faɗaɗa, ko kaluluwar hammata ta fashe. Sauran yara kuwa a yi musu rigakafinsu cikakke a kan lokaci, domin shi ke hana ƙyanda da tarin shiƙa isa ga waɗanda ba su da garkuwa.

Masu zuwa asibiti, ku riƙo katin rigakafi, takardun gwaji na baya da kwalayen magungunan da yaro ya sha. Allah Ya saka wa kowa da alheri.