Jar wuta tsakanin Gombe da Bajoga, a kan falankin bayan shagona

Duk wanda ya leƙo ɗakin da ke bayan shagona a Tudun Wada, tambayarsa ɗaya ce: "Na yara ne?" Sai in ce eh, don a zauna lafiya. Gaskiyar magana nawa ne. Falanki ne mai ƙafa 8 a tsawo da 4 a faɗi, da layin dogo ya zagaye shi, da kawunan jirgi biyu da taragu bakwai. Wani abokina ne ya sayo mini su na hannu lokacin da ya gama karatu a Jamus. Girman HO ne, wato an rage jirgin gaske sau 87, kuma tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 16.5 ne kacal. Gyaran rediyo da waya ne sana'ata, saboda haka liƙa waya da dalma ba ya ba ni tsoro. Abin da ya hana ni barci mako uku shi ne sigina guda biyar, wato fitilun gefen layi masu ba jirgi hannu.

Tsarin da nake amfani da shi DCC ne. Wuta tana kan layi kullum, umarni kuma yana tafiya ne a cikin wutar, kowane kan jirgi da lambarsa, sai an kira lambar yake motsi. Ban sayi akwatin sarrafawa mai tsada ba, na ɗora manhajar DCC-EX a kan ɗan allon lantarki mai suna Arduino Mega, na jona da tsohuwar kwamfutata mai ɗauke da JMRI, manhajar kyauta da masu wannan sha'awar suka rubuta da Java.

Manhajar ba ta da ido. Ba ta san inda jirgi yake ba sai an gaya mata. Don haka ake yanka layi kashi-kashi, ni kuma zango nake kiran kowane kashi, kamar na fatake. Na sa ɗan zarto na yanke ƙarfe ɗaya a wurare, na cusa roba a tsagar don kada wuta ta tsallake, sannan wayar kowane zango ta bi ta cikin wata 'yar na'ura mai jin an ja wuta. Ina kiranta mai gadi. Kan jirgi ya taka zangon, ya ja wuta, mai gadi ya sanar da kwamfuta cewa akwai baƙo. Zangunan na raɗa musu sunayen tashoshin layinmu: Bauchi, Gombe, Bajoga, Maiduguri. Na Gombe layi biyu ne, don jirgi ya raɓe wani ya wuce. Da yake zagaye ne, daga Maiduguri sai ka faɗo Bauchi kai tsaye, abin da ko a mafarki reluwe ba ta taɓa yi ba.

A JMRI akwai sashe mai suna Simple Signal Logic. Tambayoyinsa kaɗan ne: wace sigina ce, waɗanne masu gadi take saurare, wace mararraba (inda layi ke rabuwa biyu) take kallo, kuma wace sigina ce a gabanta. Idan mai gadi ya ce akwai jirgi, ja. Idan babu amma sigina ta gaba tana ja, ruwan ɗorawa. In ba haka ba, kore. Na karanta na ce ai wannan ko ɗan firamare ya yi.

Na cike komai, na tayar da jirgi. Yana shiga Bajoga sai siginar da ke ƙarshen Bajoga ta koma ja a gabansa, alhali babu kowa a Maiduguri. Yana wuce ta sai ta bar ja. Haka ko'ina. Na zargi waya, na sa mita na auna. Na zargi fitilun, na juya ƙafafunsu. Har Arduino ɗin na sake wa manhaja sau biyu, duk a banza.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci Bappa ya biyo ya karɓi rediyonsa. Yayan mahaifina ne, ya yi aikin reluwe tun ƙuruciya har ya ajiye. Layin da ya taso daga Kuru ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, kuma shi yana ƙaramin yaro aka kai shi kallon jirgi a tashar Gombe, tun daga nan abin ya shiga ransa. Na ja masa kujera. Ya zuba wa jirgin ido har ya zagaya sau uku, bai ce uffan ba. Sannan ya nuna siginar da bakin sandarsa.

"Wannan wa take gadi?"

Na ce, "Bajoga, Bappa. Ai kun ga a Bajoga take tsaye."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Wanda ya riga ya shigo gida, me za ka tsare shi da shi? Tana tsaye a Bajoga, amma idonta yana Maiduguri."

Shi ke nan fa. Kowace sigina na haɗa ta da mai gadin zangon da take tsaye a ciki, maimakon na zangon da ke gabanta. Jirgi da kansa yake kunna wa kansa ja. Gyaran bai ɗauki minti goma ba, kuma har da shan ruwa a ciki. Bappa ya ce a zamaninsu, a layi ɗaya, direba ba ya barin tasha sai an danƙa masa sandar izini ta zangon da zai shiga, kuma na'urar ba ta sakin wata sandar sai an mayar da ta farko. Ba a taɓa ba mutum izinin wurin da yake tsaye ba. Ni da na kwana ina karatun bayanai a intanet ban gane ba, shi da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya gani a zagaye uku.

Mararrabar shiga Gombe ta ɗan ba ni aiki, amma ba sosai ba. Siginar ƙarshen Bauchi tana fuskantar bakin mararraba, don haka sai an gaya mata abu biyu: idan mararraba ta miƙe, ta saurari layi na ɗaya da siginarsa, idan ta karkata, ta saurari na biyu. A wajen fita kuma kowane layi da siginarsa, kuma tana zama ja muddin mararraba ba ta buɗe wa layinta ba, ko da Bajoga fayau take. Wani abu da ya burge ni: idan aka kunna kwamfuta, kafin masu gadi su kawo rahoto, manhajar ba ta ɗauka cewa hanya a buɗe take. Abin da ba ta tabbatar ba, ja take ba shi. Da na gaya wa Bappa sai ya gyaɗa kai ya ce wanda ya rubuta ta ya san aiki.

Bayan nan sai taragu suka tona mini asiri. Ɗan autana ne ke tuƙa jirgi na biyu da wayata, ta wata manhaja mai suna Engine Driver, domin siginar nan nuni kawai take yi, ba ta taka wa jirgi birki. Direba ne zai gani ya tsaya, sai in mutum ya ƙara wani tsarin na tuƙi da kai, ni kuwa ban kai can ba tukuna. Yaron ya ga siginar ta bar ja, ya ba jirginsa wuta, ya je ya daki taragun jirgina ta baya, biyu suka kife. Ya fara rantse-rantse cewa ba ja ya gani ba. Kuma gaskiyarsa. Kan jirgina ya riga ya tsallaka zango na gaba, taragu huɗu na baya suna nan, amma tarago ba ya jan wuta, ƙafafunsa ma na roba ne. A wurin mai gadi, zangon babu kowa.

Maganin shi ne a sa wa tarago ƙafafun ƙarfe, a ɗora ɗan rasisto mai om 10,000 tsakanin ƙafar dama da ta hagu, don ya riƙa jan 'yar wuta kaɗan da za ta isa a ji shi. Rasiston da na ciro daga wani mataccen allo bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na manna shi a jikin gatarin ƙafafun da gam, na ja masa layi da fenti mai ɗaukar wuta ta kowane gefe, da tsinken sakace, ina riƙe da numfashi. Na farko ya faɗi ƙasa, har yau ban gan shi ba. Da Bappa ya dawo na nuna masa, sai ya yi dariya ya ce ashe fitilar wutsiya na ƙirƙiro. Su ma ba sa cewa jirgi ya iso sai sun ga jar fitilar da ke bayan taragon ƙarshe, don kada a ce wani ya tsinke a daji. Yanzu tarago biyu ne kawai ke da rasisto, kuma doka ce a ɗakin nan: su ne a ƙarshe.

Sai hunturu ya shigo. Wanda ya san Gombe a watan Disamba ya san ƙurar da nake nufi, wadda za ka share tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai. Ta kwanta a kan ƙarfen, jirgi yana tafiya ƙafafunsa suna rabuwa da wuta na ƙiftawar ido, mai gadi ya ce ya fita, ya ce ya dawo, ya ce ya fita. Siginar baya sai ta kama walƙiya tsakanin ja da kore kamar fitilar gidan biki. A jadawalin masu gadi akwai gurbin jinkiri, ana rubuta shi da milisakan. Na bar na shiga kusan babu, don da an taka a ce ja. Na fita kuwa na sa 2000, wato sai zango ya yi daƙiƙa biyu cur babu motsin wuta kafin a yarda jirgi ya tafi. Walƙiyar ta tsaya. Duk da haka ina goge layin da tsumma da sifirit kafin in kunna, sannan uwargida ta ba ni tsohon zanin gado ina lulluɓe falankin, bisa sharaɗin kada in ƙara taɓa mata tsinken sakace.

Ranar da na gama wannan saitin aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa. Ban adana ba. Washegari na sake shigar da komai daga farko, wannan karon da littafi a gefe, kowace sigina da sunan zangon da take kallo.

Saura abu ɗaya da ke damun yaron. Idan jirage biyu suna tafiya, da wuya ya ga kore a gabansa, kusan kullum ruwan ɗorawa ko ja. Na zauna na lissafa, ba kuskure ba ne. Zango huɗu, jirgi biyu: in ina Bauchi yana Bajoga, zango ɗaya ne kawai fanko a gaban kowa, kuma kore tana bukatar biyu. Sai an kai zango shida kowa zai samu. Na riga na sa alamar fensir a wurare biyu da zan yanka, na kuma yi odar masu gadi biyu. Ɗaya zan kira shi Kuru, kafin Bauchi. Ɗayan Bappa ya ce Buni za a sa, tsakanin Bajoga da Maiduguri, kuma ya ce kada in kuskura in sa zarto sai yana zaune.