Gwangwanayen albarushin maƙwabcina

Tun da na dawo wannan unguwa a jihar Ohio ta Amurka nake ganin maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya, kusan kullum da yamma yana cikin garejinsa ya sunkuya kan teburi yana jan wani hannun ƙarfe sama da ƙasa. Na ɗauka gyaran wani abu yake, sai ran da na je aron tsani na tarar ashe harsashi yake ɗurawa da hannunsa. Gaskiya gabana ya faɗi. Ni ɗan Katsina ne, kuma duk wanda ya san abin da ƙauyukanmu suka gani a shekarun nan ya san ba da wasa muke jin kalmar harsashi ba, na daɗe ban sake taka garejin ba. Sai a hankali da muka saba na fahimci nan wurinsu sana'ar hannu ce ta sha'awa da doka ta yarda da ita, kamar yadda wani zai riƙi kiwon tantabara ko kafinta. A gida Najeriya kam laifi ne babba, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ina kwaɗaita masa ne.

Abin da ya ja hankalina shi ne wata kanta da ke bayansa cike da gwangwanayen albarushi waɗanda babu komai ciki, wasu na ƙarfe tsofaffi har sun yi tsatsa wasu na roba, ya ce ba ya zubar da su ne don yana son tuna irin da ya yi aiki da shi. Sai na tambaye shi, to a tsawon shekarun nan albarushi nawa ka ƙona? Ya yi shiru yana kallon kantar, sannan ya miƙo mini fensir ya ce in zauna mu lissafa tare.

Ga yadda abin yake. Harsashi kashi huɗu ne, akwai kwanso na tagulla, akwai ɗan ƙyastun da ke gindinsa wanda in an sara shi yake ba da wuta, akwai albarushi a ciki, sai kan dalma da ke fita. In an harba, ukun sun tafi, kwanson ne ke saura, kuma shi ne mafi tsada a cikinsu, to shi suke tsincewa su wanke su mayar da shi girmansa a cikin injin matsa na kamfani irin RCBS ko Lee ko Dillon su sake cika shi, wani kwanson sai ya zagayo sau biyar ko goma kafin ya tsage. Albarushin kuwa ba da cokali ake auna shi ba, da wani ma'auni ne da suke kira giren, asalin sunan daga ƙwayar hatsi ne, kuma giren 7,000 ne ke cikin laba ɗaya, laba kuma giram 454 ce, wato ta ɗan gaza rabin kilo. Duk lissafin masu wannan harka a kan wannan 7,000 ɗin yake tafiya. A kanti kuma ko ka sayi gwangwanin laba 1 ko jarkar laba 8.

To nan ne na ga abin mamaki, domin ashe yawan shekarun mutum a harkar ba shi ne ke nuna yawan albarushin da ya ci ba, irin bindigarsa ce da irin wasan da yake yi. Ana kiran bindiga ne da lambar girman harsashinta. Ƙaramar bindiga mai 9mm, wato fistol, abin da take ci a harbi ɗaya bai wuce giren 4 zuwa 5 ba, ka ga laba ɗaya za ta ba ka harsashi wajen 1,400 ko fiye. Doguwar bindiga mai .223 tana cin wajen giren 25, laba ɗaya 280 ke nan. Mai .308 tana cin arba'in da 'yan kai, sai laba ta tsaya a wajen 160. Ita kuwa ƙatuwar nan .50 BMG fiye da giren 200 take lanƙwamewa a harbi guda, laba guda ba ta wuce harbi talatin da ɗoriya ba, dattijon ya ce shi bai taɓa kusantarta ba don aljihunsa ba zai ɗauka ba.

Muka ɗauki maharbin barewa, irin wanda ke fita sau ɗaya a shekara lokacin kaka da bindiga mai .30-06, wadda ke cin giren hamsin da wani abu. In ya harba 40 a shekara, har da na saita bindiga kafin farauta, laba ɗaya za ta kai shi shekara uku, a shekara 30 bai ƙona laba 10 ba. Sai muka ɗauki mai zuwa filin gwaji kowane mako da fistol yana harba 200. A shekara 10,400 ke nan, in ka buga da giren 5 ka raba da 7,000 za ka samu laba bakwai da kusan rabi, wato jarka ɗaya ta laba 8 duk shekara, a shekara 30 laba 220 da 'yan kai, da na mayar da shi kilo sai na ga ya kai 100, buhun masara guda cur na albarushi ya bi iska a hannun mutum ɗaya wanda bai harbi komai ba sai takarda. Amma masu cin albarushi na gaske su ne masu harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama da bindiga mai katirij, don kowane katirij yana ɗaukar wajen giren 18 kuma su ba sa gajiya, mai harba 200 a mako cikinsu zai haura laba 26 a shekara. Mutum uku, shekarunsu ɗaya a harkar, amma ɗaya gwangwani goma ya ishe shi ɗayan kuma sai an zo da mota.

Na tambaye shi ko da gaske ana samun sauƙin kuɗi in mutum ya ɗura da kansa, tunda abin da kowa ke faɗa ke nan. Ya ce harsashi ɗaya kam yana fita da araha, musamman na manyan bindigogi, amma kuɗin ba sa komawa aljihu, harbin ne ke ƙaruwa, wanda da yake harba akwati biyu sai ya koma biyar. Ni ma na yarda da wannan don na ga irinsa a wurin masu ɗinki, ranar da mutum ya sayi keken kansa ranar yake fara sayen yadin da ya fi na da.

Akwai kuma maganar tarawa. An yi ƙarancin kaya sosai a 2013, aka sake yin wanda ya fi shi a 2020 da 2021 lokacin korona, kantuna suka bushe ƙaf, ƙyastun nan na gindin harsashi ya zama kamar zinare farashinsa ya ninka fiye da biyu, albarushi ma in ya shigo kanti kafin azahar ya ƙare. Wani sanannen iri da ake kira Varget, wanda kamfanin Hodgdon ke sayarwa amma a Ostareliya ake yinsa, mutane sun yi watanni ba su sa shi a ido ba. Shi kansa kamfanin Hodgdon ɗin daga rarar kayan yaƙi ya faro, wani mutum Bruce Hodgdon a Kansas ya sayi albarushin da ya yi saura bayan yaƙin duniya na biyu ya fara sayar wa masu sha'awa a 1947. Tun bayan waɗancan ƙarancin kowa ya koyi saye ya ajiye, sai dai akwai iyaka, ƙa'idar kiyaye gobara da yawancin wurare ke bi ta ce laba 20 a cikin gida a gwangwaninsa na asali, in ya haura har zuwa 50 to sai an saka a akwatin katako mai kaurin inci ɗaya. Na ce me ya sa katako ba ƙarfe ba, ya ce ai wannan albarushin na zamani in yana sarari ci kawai yake da wuta, matse shi ne ke sa shi fashewa, akwatin ƙarfe rufaffe shi ne haɗarin.

Abin da ya fi burge ni da dattijon nan natsuwarsa ce. Idan yana awo ba ya kunna rediyo, ba ya amsa waya, gwangwani ɗaya tak yake ɗorawa a teburi don kada ya gauraya iri biyu, kuma kafin ya sa kan dalma sai ya haska tocila cikin kowane kwanso ya duba. Dalili shi ne a ƙaramar bindiga albarushin kaɗan ne ƙwarai, kwanso zai iya ɗaukar awo biyu ba ka lura ba, kuma awo biyu yana iya tarwatsa bindiga a hannun mai ita. Yana da littattafan awo na kamfanoni da ba ya tsallake abin da suka rubuta, yana da nasa littafin da yake rubuta kwanan wata da lambar gwangwani da adadin da ya ɗura. Tsohon albarushi kuma sai ya buɗe ya shinshina, in ya ji wari mai tsami ko ya ga jar ƙura kamar tsatsa to ya lalace ba zai taɓa shi ba. Wallahi na sha zama ina kallonsa ina tunanin mutumin da ya ƙona buhu guda amma har yau ƙwaya ɗaya ba ya yarda ta wuce masa ba awo.

Kakana maharbi ne, yana da bindigar toka irin wadda ake ɗurawa ta baki. Ina yaro nakan ga ya zazzago baƙin albarushi daga ɗan gora a tafin hannunsa ya duba da ido ya juye a bututun ya danna tsumma da sanda, ba sikeli ba littafi, hannunsa ne ma'auni, kuma ɗan ƙullin da yake saya yakan kai shi rani guda don ba ya harbi sai ya tabbata. Da na ba dattijon wannan labari sai ya tashi ya buɗe wani kabad ya fito da tasa mai ɗurin baki, ya ce su ma suna da lokacin farauta na musamman don irinta, kuma wannan baƙin albarushin shi ma da ɗan mudu ake auna shi ba da sikeli ba, ya sha bamban da marar hayaƙi da wani Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884 wanda kusan duk harsashin yau ke amfani da shi.

Wata Asabar ya ɗauke ni zuwa filinsu da ke bayan gari, ni na tsaya baya da abin toshe kunne, ya ɗura ta ya harba sau ɗaya. Farin hayaƙi ya turnuƙe gabansa iska ta kaɗo mini shi, warin nan na farar wuta, sai na ji ni a Ƙofar Soro ranar hawan sallah ina kan wuyan babana, 'yan bindigar sarki suna sakin wuta sama dawaki na zabura mata na guɗa, a lokacin da in aka ce 'yan bindiga su kawai ake nufi. Ya juyo ya ce ko zan gwada, na ce a'a, ya dai ƙara ɗaya.