Ziyarata zuwa Nara da Shirakawa-go: yadda Japanawa ke riƙon kayan tarihinsu

Na fara ziyarar wuraren tarihin Japan ne daga Nara, birnin da ya zama fadar mulkin ƙasar a shekarar 710, domin a yankinsa ne gine-ginen katako mafi tsufa a duniya suke. A Horyu-ji, wurin bautar mabiya addinin Buda wanda aka kafa a 607, gobara ta cinye ginin farko a 670, amma wanda aka sake ginawa bayanta yana nan tsaye, da hasumiyarsa mai hawa biyar, sama da shekara 1,300 ke nan. Da na matsa kusa da ginshiƙan, sai na ga inda kafintoci suka yanke ɓangaren da ya ruɓe suka ɗora sabon katako, launinsa ya fi na tsohon haske, kuma ba su yi ƙoƙarin ɓoye gyaran ba. A nan na fahimci cewa hannun masu gyara ne ya kawo ginin zuwa yau, ba ƙarfin itacen kaɗai ba.

Todai-ji, wani wurin bautar mabiya addinin Buda da ke cikin Nara, ya fi tara jama'a, saboda gunkin Buda na tagulla mai tsawon kusan mita 15 da aka ƙaddamar a 752. Zauren da yake ciki ya ƙone a 1180 da 1567, na yanzu kuwa an kammala shi a 1709, kuma duk girmansa bai kai na asali faɗi ba. Bareyin da ke yawo a harabar sun saba da mutane har sukan ja rigar duk wanda suka ga ya sayi biskit ɗinsu, don haka gara a ɓoye takardu a jaka kada su fizge.

Inda na fi daɗewa shi ne Shirakawa-go, ƙauyen da ke cikin duwatsun lardin Gifu, wanda UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Gidajen suna da jinka mai kauri da tsini sosai, domin dusar ƙanƙara da ke zuba da yawa a lokacin sanyi ta riƙa zamewa. Na hau saman ɗaya daga cikin gidajen da aka buɗe wa baƙi, inda a da ake kiwon tsutsar siliki, na ga an ɗaure gumagumai da igiya da ɗanyun rassa ba tare da ƙusa ba, duk sun yi baƙi wuluk da kunkunniya. Hayaƙin murhun da ke ƙasa ne yake ratsawa ta tsakanin katakan bene ya busar da jinkar ya kuma kore ƙwari, shi ya sa har yanzu ake hura wutar. Idan lokacin sake baibaya ya yi, bayan shekara talatin ko fiye, mutanen gari sukan taru su yi aikin tare, kamar yadda ake gayya a wurinmu.

A ganina, wanda zai yi wannan tafiya ya rage yawan wurare ya ƙara lokaci, domin yawancinsu ana rufe su kafin magariba. Ya sa safa mai tsabta saboda ana cire takalmi a ƙofa, ya kuma yi guzuri, tunda abincin halal yana da wuyar samu a ƙauye. Ya tuna kuma cewa Shirakawa-go gari ne da mutane ke zaune a ciki, ba a leƙa gidan da ba a buɗe ba, kuma an hana shan taba sai a wuraren da aka keɓe. Tsoron gobara ya sa kowace shekara, kafin sanyi ya shigo, ake gwada bututan ruwan da aka kafa a tsakanin gidaje, a kunna su gaba ɗaya a lokaci guda.