Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kishiyata ta zama malamata

Makon jiya mun rabu a inda na fita takabar Malam, Allah Ya jiƙansa, na koma kan allura da zarena. Yau zan kawo ku ƙarshen 2022, lokacin da canjin kuɗi ya riske ni ina gab da shekara sittin, ko sunana ban iya karantawa da boko ba.

Na san wasu za su yi mamaki, tunda kowa ya san Zariya da ilimi. An haife ni shekara guda bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga kamfanin Gaskiya mai buga littattafan Hausa a nan Tukur-Tukur. Amma cikin ganuwa a zamaninmu, 'ya mace daga allo sai ɗakin miji. Da aka kawo UPE, shirin firamare kyauta ga kowa, a 1976, mahaifinmu ya ba da ƙannena maza, ni kuwa an riga an sa min rana. Na sauke Alƙur'ani, ina karanta ajami, lissafin ka kuma ba dillalin da ya taɓa yi min wayo. Kuɗi da fuska na san su: mai Sardauna ɗari biyu, mai Zik ɗari biyar, mai mutum biyu dubu.

Sana'armu ɗinkin hannu na babbar riga. Mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas a kan shadda, yaro ya shigo mana da ita cikin gida, mu cike da zare, daga nan sai wanki da bugu, dillali ya ɗauka ya yi Kano ko Kaduna. Duk hannu da hannu ake yi. A lokacin har na kai ina raba wa matan unguwa aiki, kuɗin cefanensu yana wuyana.

Sai Babban Banki ya fito da sababbin takardu a watan Disamba, aka ce tsofaffin sun daina aiki daga 31 ga Janairu 2023, aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Tsoho ba a karɓa, sabo ba a gani. Ga azumi na ƙaratowa, kakarmu ke nan ta kayan Sallah. Kowane dillali ka aika masa, amsa ɗaya: “A gaya wa Hajiya sai dai tiransifa.” Masu POS kuwa suka samu dami a kala, ka sayi kuɗinka da kuɗinka. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai ƙara Kotun Ƙoli, ta kuma yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, amma kafin nan ni na riga na ƙudura abin da zan yi.

Dalili shi ne kuɗina asusun babban ɗana suke shiga. Yaron kirki ne, ko kwabo bai taɓa riƙe min ba. To amma ɗan fari ne. Wanda ko sunansa ba na faɗa, ta yaya zan tare shi kullum ina tambayar nawa aka turo? Guminka ne, sai ka koma kamar mai roƙo. Ya so ya koya min da kansa. Ya zauna bakin ƙofa kansa a sunkuye, ni ina kallon bango, in na karanta ba daidai ba sai ya ce, “To, Hajiya, haka ma ya yi.” Da kunya ba a karatu, muka bar shi a nan.

'Yarsa Ummi ce ta karɓe ni, takwarata kuma kishiyata, tana 'yar sakandare. Ranar farko ta ajiye littafi da fensir ta ce, “Tsohuwa, sharaɗi biyu ne. Kuɗin Laraba awara, kuma in na ce ba haka ba ne, ba fushi.” Na ce, “Ja'ira, mijin nawa ma da kika ƙwace ban yi fushi ba.” Muka sa bayan la'asar, lokacin da ido ya gaji da allura amma akwai sauran haske.

Kai ba shi ne matsala ba, hannu ne. Tun ina ƙarama daga dama nake fara rubutu, sai in ɗora fensir a gefen dama ban sani ba, ta kama hannun ta mayar hagu. Haka muka sha fama da b da d. “Kin sake juya mata ciki! Wannan gabas take kallo, waccan yamma.” Ni da ita mu yi ta dariya har surukata ta leƙo. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uwa ba, jika za ta faɗa da ƙarfi, ka kuma rama, a tashi ba wanda ransa ya ɓaci. Wani abu da na yaba mata, ba ta taɓa cewa kawo in yi miki. Wannan kalma ita ta hana tsofaffi da yawa iya waya: yaro ya fizge, ya danna cikin ƙiftawar ido, ya miƙo maka, ka tashi yadda ka zauna. Ummi hannunta take maidawa baya ta ce, “Danna, ba ta cizo.”

Ranar buɗe asusu ma an yi kallo. Wajen rajistar BVN na ɗora babban yatsa a kan na'ura, ta ƙi gani. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ta sa na shafa yatsan a goshi, shiru. Ta juya hannun nawa ta duba, ta ce, “Mama, wace sana'a kike yi?” Ashe allura ta cinye zanen yatsan, sai kanta. Da ƙyar aka samu ya fito. Saboda kantar nan har yau ƙaramar waya mai maɓalli ta fi min daɗi wajen tura kuɗi, in danna tauraro da lambar banki. Babbar sai na karkata yatsa take ji.

Lambobi sun fi baƙaƙe sauƙi, in ban da sifiri. Tsakanin 5,000 da 50,000 ƙwaya ɗaya ce, kuma in ya tafi ya tafi. Sai na riƙa ƙirga su da tsinin allura kamar yadda nake ƙirga idon ɗinki, sannan in karanta sunan mai asusun a bayyane kafin in sa lambar sirri. Lambar nan ko Ummi ba ta sani ba, ita ma ta hana ni gaya mata. Ta kuma koya min cewa alat saƙo ne kawai, ɗan damfara na iya rubuta irinsa ya turo. Don haka riga ba ta barin gidan nan sai na duba abin da ke cikin asusu da kaina, ko da dillalin yana tsaye a zaure yana rantsuwa.

Kafin Babbar Sallah na fara biyan matan da ke min ɗinki daga kan tabarmata. Yawancinsu asusun miji ko na ɗa suke kawowa a rubuce a 'yar takarda, wata kuma ta raɗa min cewa ba ta taɓa sanin adadin da ke shiga ba. Daga nan suka fara biyo la'asar ɗinmu da littattafansu a ƙarƙashin hijabi, awarar Ummi ta ƙaru. Maganar ta kai kunnen yayan marigayi Malam, ya aiko a ce yana son ganina. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.