Kwana biyu a Lalibela

Gaskiya da ba don abokin aikina ɗan Habasha ya matsa min ba da ban je ba, ni a tunanina me zan gani a tsohon coci. Daga Addis Ababa muka hau jirgi, muna sauka mota ta dinga hawa dutse da mu har kunnena ya toshe, garin yana kan tudu wajen mita 2,500, taku kaɗan sai haki.

Da can sunansa Roha, nan ce fadar sarakunan Zagwe kafin mulkinsu ya faɗi a 1270. Sarki Lalibela, wanda ya yi mulki wajen shekara ta 1200, shi ake dangantawa da coci 11 na garin da aka sassaƙa a dutse, wai so ya yi mutanensa su samu Ƙudus tasu a gida, har rafin garin Yordanos suke ce masa, wato kogin Urdun.

Kuskurena na farko agogo. Mai rakiyarmu ya ce mu haɗu ƙarfe 12, na miƙe ƙafa ina cewa ai sai azahar, ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, 12 ɗinsu shida na safe kenan. Da bugun ƙofa ya tashe ni.

Amma fa sammakon ya yi rana. Bete Giyorgis, ɗaya daga cikin cocin, ba ka ganinsa daga nesa sam, kana cikin tafiya kan jan dutse kawai sai ka ga rami a gabanka, ga rufin coci mai siffar gicciye daidai tafin ƙafarka. Ba bulo ba siminti, dutse guda aka sassaƙe daga sama zuwa ƙasa, ƙofa da taga da ginshiƙai duk a jikinsa, in ka yi kuskuren sara ɗaya shikenan ba gyara. Mutanen garin dai sun ce mala'iku ke ci gaba da aikin da dare, ni da na shafa sawun kurfi a bangon maginan na tausaya wa.

Kuma har yau ibada ake a ciki, tsofaffi cikin fararen mayafai jingine da sanduna, ana buga ganga ana karatu da Ge'ez, tsohon harshen Habasha. Takalmi ake cirewa kamar masallaci, ni kuwa ban sa safa ba, sanyin dutse ya ci ƙafata, ƙuma kuma ta cikin darduma ta ƙarasa ni. Washegari safa biyu na haɗa.